Kafin a kawo kuɗin gaisuwa

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce babanki ya yi miki zancen ɗan baffanki, ƙawayenki kuma sun ce auren zumunci ne ke kawo sikila, wato amosanin jini. Kina tambaya ko gaskiya ne, kuma ko rashin kunya ne ki ce a yi gwajin jini tukuna.

Ba rashin kunya ba ne ko kaɗan. Zumunci kuma ba shi ke ƙirƙirar amosanin jini ba. Bare da bare, ɗaya daga Ringim ɗaya daga Gaya, in dukansu AS ne, wato suna ɗauke da irin ciwon a jini amma ba ya damunsu, suna iya haifar mai SS, wato mai sikila. Sai dai in irin yana cikin dangi, auren gida yana sa ya haɗu da wuri. Mu kuwa yana gidanmu.

Ba ki taso kin ga 'ya'yana biyu na fari ba. Lafiya lau na haife su, sai wajen wata shida hannu da ƙafa su kumbura, ko zani ya taɓa su sai ihu. Aka ce wabi nake yi. Na biyun har juji aka kai shi aka ajiye, aka ɗauko, aka yi masa tsaga, duk bai hana ba. Da hunturu ya rasu a cinyata, farin idonsa ya koma rawaya.

Sai bayan shekaru wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta warware mini. Jajayen ƙwayoyin jini zagayayyu ne masu laushi, suna lanƙwasawa su bi ƙananan jijiyoyi, sinadarin himogulobin da ke cikinsu yana kai iskar numfashi ko'ina a jiki. Yaron da ya gaji S daga uwa da uba, da zarar iskar ta ragu sai sinadarin ya sandare, ƙwayar ta tanƙware kamar lauje, ta yi tauri, ta maƙale, kamar yadda kara ke toshe bakin kwalbati da damina. Inda jini bai kai ba, nan ne azabar take. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120, tasu kwana 10 zuwa 20 ta fashe, ɓargo ya kasa mayar da gurbi. Ƙarancin jinin ke nan, rawayar idon ke nan. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro su ke tayar da ciwon. Watannin farkon nan ma, irin jinin da jariri ya fito da shi daga ciki ne ke kare shi kafin ya ragu.

Ki riƙe wannan da kyau: in ku biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki fa, ba wai in an sami ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Ni biyu na yi a jere. Yanzu akwai magani da kulawa, masu sikila suna girma har su yi aure, amma na san abin da uwa ke gani da tsakar dare.

Tun 2024 ma dokar Kano ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure, don haka ba baƙon abu kika kawo ba. A yi shi kafin kuɗin gaisuwa, tun magana ba ta fita unguwa ba. Ranar kasuwa ina tafe, ni zan raka ki asibiti. In sakamakon bai dace ba, ki bar ni da babanki da baffanki, ƙannena ne, kuma su suka haƙa wa yaran nan kabari.

Gwaggonki