Tambayoyin Masu Karatu: Tsohon Injin Zarton Baba, In Gyara Ko In Sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana sana'ar yanka itace da injin zarto, kuma da aka zo rabon gado sai injin ya faɗo a rabona. Samfurin Stihl 070 ne, an rubuta a jikinsa cewa a Jamus ta Yamma aka ƙera shi, ya kuma kai shekara goma sha biyar yana ajiye a ɗakin shirgi. Masu sayen tsohon ƙarfe sun taya shi a kilo, ƙannena kuma suna cewa in rabu da shi. Ni kuwa har yanzu ina jin ƙararsa a kunnena, tun lokacin da nake yaro ina riƙe wa Baba galan ɗin mai. Zai gyaru, ko zubar da kuɗi zan yi? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kada ka ba masu kilo wannan inji, domin abin da za su biya ka bai kai kuɗin sabuwar sarƙa ba, alhali yana cikin tsofaffin injunan da suka fi sauƙin farfaɗowa. Rubutun da ka gani ya nuna an ƙera shi kafin haɗewar Jamus a 1990. Kamfanin da Andreas Stihl ya kafa a 1926 ne ya fitar da 070 a ƙarshen shekarun 1960, ya gaji wani samfuri mai suna Contra na 1959, wanda ya taimaka ƙwarai wajen mayar da aikin da a da sai mutum biyu ya zama na mutum ɗaya. Girman silindarsa ya kai sisi (cc) 106, wato kusan na ƙaramin babur, kuma an ci gaba da ƙera shi shekaru da dama domin kasuwannin Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Abin da ya sa ke nan har gobe ba a rasa kayan gyaransa.

Babban abin da nake roƙonka shi ne kada ka zuba masa mai ka ja igiya don ka ji ko zai tashi. Ni kaina na taɓa yin wannan gaggawa da wani tsohon inji da aka kawo mini: ya tashi a ja na shida, na yi ta murna, bai cika minti uku ba ƙararsa ta yi sama da kanta, sannan ya tsaya cak, fistan ya kama. Da na buɗe sai na tarar robobin da ke toshe gefe biyu na sandar tsakiyar inji sun bushe sun tsattsage. Iska ta riƙa shiga ta nan, man da ke isa silinda ya yi kaɗan, zafi kuma ya yi yawa. Inji mai bugu biyu ba shi da wata ma'ajiyar man shafawa, abin da aka gauraya cikin esansi shi kaɗai ke shafe fistan, saboda haka duk ƙofar da iska ta samu ta ɓarauniyar hanya ajalinsa ce.

Fara da wanke shi daga waje, ka duba tsakanin haƙarƙarin silinda da cikin salansa, wato mafitar hayaƙi, domin a ɗakunanmu na ƙasa zanzaro ba ya barin irin waɗannan ramuka, yakan cika su da laka har iska ta kasa wucewa. Daga nan ka kwance salansar, ka haska tocila ta ramin hayaƙi, ka ja igiya a hankali kana kallon fistan yana hawa yana sauka. Idan jikinsa sumul yake, zobban kuma suna motsi a gurbinsu, to rabin aikin ya ƙare. Idan ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa kamar an karce shi da ƙusa, sai an sake fistan, wataƙila har da silinda. Buɗe tankin mai ka shinshina: tsohon esansi yakan bar wani danƙo mai warin fenti, wanda dole a wanke shi tas, a sake tiyon mai da matacinsa. Cikin karburato akwai wata siririyar fata da ke bugawa tana tura mai, kuma bayan shekara goma sha biyar a zafin Damagaram za ka same ta ta bushe ƙamas kamar kilishin bara. Ba a gyara ta, sabuwa ake sa wa. Game da wuta kuwa, na farko-farkon 070 suna da ƴan ƙarafa biyu da ke haɗuwa su rabu a bayan gargaren inji, waɗanda galibi tsatsa ce kawai ke hana su aiki, sai a goge su a daidaita. Ka sa sabon buji, tazarar bakinsa rabin milimita.

Wajen sayen kaya ne ake buƙatar lura, domin 070 na cikin injunan da aka fi kwaikwayo, kasuwa cike take da kayansa na jabu masu araha, wasu har da tambarin kamfani a jikin kwali. Tiyo da matacin iska na kwaikwayo ba su da wata illa babba, amma idan silindar asali tana da sauran rai, ina ganin gara a goge ta a sa mata sabon fistan da a musanya ta da sabuwa wadda ba a san asalinta ba. Duk abin da bakanike ya cire, ka karɓa ka adana a gwangwani, kada ka bari a garaji. Kuma ka nemi wanda ya saba da injuna masu bugu biyu, irin masu gyaran tsofaffin babura da ƙananan janareto, ba mai gyaran mota ba.

Idan ya tashi, ka gauraya masa mai irin na zamaninsa, kashi 1 cikin 25, wato mililita 200 na man inji mai bugu biyu a cikin lita 5 na esansi. Akwai man zamani mai inganci da ake sa wa kashi 1 cikin 50, amma sai wanda ya tabbatar da abin da ke cikin gorar da ya saya. Esansin kwalba na bakin hanya kuwa a tace shi da tsumma mai tsabta tukuna, baƙin man mota kuma kada ya kusanci tanki ko sarƙa.

Sai dai fa ban ce ka mayar da shi abin neman abincinka na kullum ba. Tsofaffin 070 ba su da birkin sarƙa, wanda ya fara yaɗuwa a shekarun 1970, kuma idan kan ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ya taɓa wani abu ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, babu abin da zai tsayar da sarƙar. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa ƙarfe da sarƙa ba. Mahaifinka ya yi shekaru yana koyon halinsa, kai kuwa galan ka riƙe. Ka kuma tuna cewa gawo na cikin itatuwan da doka ta kare a Nijar, ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Tambaya: Malam, ni bakanike ne, na tara tsofaffin injunan zarto guda huɗu, ciki har da wani rawaya samfurin McCulloch da na rasa kayansa ko'ina. Yaya zan ajiye shi kada ya lalace? Daga wani mai karatu a Mirriya.

Amsa: Maigida, ka riƙe shi da kyau, domin kamfanin McCulloch na Amurka ne ya fitar da injin zarto na mutum ɗaya mai nauyin kilo 11 kacal tun a 1949, kuma kayan tsofaffin samfuransa sun yi wuya a nan. Juye man da ke cikinsa duka, ka cire buji ka ɗiga cokali guda na man inji a silinda, ka ja igiya sau uku a hankali, sannan ka mayar da bujin. Kwance sarƙar ka shafe ta da mai ka naɗe a tsumma. Kada ka ajiye shi a ƙasa ko a kan siminti, domin gangar jikin irin waɗannan injuna da ƙarfen magniziyam ake yin ta, danshin damina kuma yakan cinye ta daga ƙasa ta riƙa fitar da farin gari. Ɗora shi a kan katako, ka toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, ka riƙa jan igiyar sau ɗaya a wata.