Ɗan Kano da aikin jirgin ruwa

Ƙanena, ka tambaya ko wanda bai taɓa ganin teku ba zai iya aikin jirgin ruwa. Ƙwarai kuwa. Ka nemi makarantar horar da ma'aikatan ruwa da ke Oron, jihar Akwa Ibom, ka karanta tuƙi ko injiniyanci. Wahalar tana bayan karatu, domin sai ka yi watanni cikin jirgi kafin NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, ta ba ka takardar ƙwarewa, kuma gurbin nan yana wuyar samu. Fara nema tun kana aji. In ka sauka Apapa, inda tashar jiragen ruwa ta Legas take, je ka gaida Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiyar ma'aikatan tasha, su za su tsaya maka ranar rikici.