Rai-ɗore da sanga-sanga: wanne ne sunan gaskiya?

Wata mai karatu daga Talata Mafara ta aiko da tambaya: "Malam, ganyen da kakata ke dafa mana in zazzaɓi ya kama mu, sanga-sanga take ce masa. Ƙawata Bakanuwa kuwa ta ce rai-ɗore ne. Wa ke da gaskiya? Kuma shi ne maganin nan na gonar yaro da ake faɗa?"

Malama, kowa da gaskiyarsa. Tsiro ɗaya ne, wanda masana ke kira Senna occidentalis, mai fure rawaya, mai son juji da kango da damina. Mu a nan yamma sanga-sanga muka tashi muna ji. Kada dai ki haɗa shi da tafasa, ko "tahwasa" a bakinmu. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, ita ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Na sanga-sanga tsini gare shi, ga wari in an murza.

Ni sunan rai-ɗore ya fi burge ni, domin addu'a ce sukutum aka mayar suna: rai ya ɗore. Ƙanin "ranka ya daɗe" ke nan. Tushensa ɗaya da ɗora, da ɗori, da maɗori mai haɗa ƙashin da ya karye. Bahaushe ya saba yi wa tsiro suna da jimla, dubi ka-fi-malam da ƙaiƙayi-koma-kan-masheƙiya. Sai dai a nan likitanci ne ya jawo sunan. Iyayenmu kan dafa ganyen a sha, a yi surace, a yi wanka, saboda zazzaɓi da shawara, ga shi kuma yana sakin ciki.

Amma suna ba hujja ba ne. Ɗanyun 'ya'yansa guba ne, suna illata hanta, yara da dabbobi sun fi shiga haɗari. Mai ciki ta nisance shi, zazzaɓi kuma a fara zuwa asibiti a gwada jini.

Karin maganar "magani a gonar yaro" kuwa ba ta ware tsiro ɗaya ba. Yaro na noma, ya ga haki, ya sa fartanya ya sare, bai san abin da ake nema ruwa a jallo ba ne. Ana buga ta ga duk wanda ke riƙe da abu mai daraja bai san darajarsa ba, ko da littafi ne ko fili ko mata tagari.