Tsoka nawa mutum zai iya tarawa a wata ba tare da allurar ƙara tsoka ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekarata 24, kuma wata biyar ke nan ina ɗaga ƙarfe sau uku a mako. Na fara da nauyin kilo 62, yanzu ina 65. Ƙarfina ya ƙaru sosai, amma ga wasu a Instagram suna cewa sun tara kilo 10 na tsoka cikin wata uku. Ni ne ba na yi daidai, ko jikina ne ba ya karɓa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka. Idan tumbi bai fito maka ba, kilo 3 a wata biyar ci gaba ne mai kyau, kuma daidai yake da abin da jikin namiji sabon shiga yake iya ginawa.

Masanin abinci ɗan Amurka Alan Aragon ya ƙiyasta cewa sabon shiga yana ƙara tsokar da ta kai kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na nauyinsa a wata. A jikinka, wannan yana nufin giram 650 zuwa 975. Lyle McDonald kuma, wani marubuci kan abinci da motsa jiki, ya lissafa abin da shekara: kilo 9 zuwa 11 a shekarar farko, rabin haka a ta biyu, kilo 2 zuwa 3 a ta uku, daga nan sai kilo ɗaya da ɗoriya a shekara. Ni ina ɗaukar waɗannan alƙaluma a matsayin iyaka ta sama, ta wanda horonsa da cinsa da barcinsa duk suka daidaita. Yawancin mutane ƙasa da haka suke samu. Mata kuwa kusan rabin wannan.

Ƙarfinka da ya riga tsokarka gaba, haka abin yake. A makonnin farko jijiyoyi ne suke koyon yadda za su haɗa kan tsokar da kake da ita ta yi aiki tare, shi ya sa nauyin da kake ɗagawa yake hawa da sauri alhali dantse bai sake kama ba. Naman kansa a hankali yake biyowa.

To, su masu kilo 10 a wata uku fa? Sikeli ba ya bambance tsoka da kitse da ruwa. Duk giram ɗaya na sukarin da tsoka ke ajiyewa yana riƙe ruwa kusan giram 3, mai shan kiriyatin (wani sinadari da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfi) kuma yakan ƙara kilo 1 zuwa 2 a farko, mafi yawansa ruwa. Wasu tsohuwar tsoka suke maidowa bayan sun daɗe da barin horo, ita kuwa dawowarta ta fi gina sabuwa sauri. Sai kuma waɗanda ba sa faɗin gaskiya. A 1996 Shalender Bhasin da abokan aikinsa sun yi gwaji na mako 10: mazan da suka yi horo kawai sun ƙara kusan kilo 2 na nauyin da ba kitse ba, waɗanda aka yi wa allurar testosteron (sinadarin mazantaka) miligiram 600 duk mako ba tare da sun taɓa ƙarfe ba sun ƙara sama da kilo 3, waɗanda suka haɗa biyun kuma kilo 6. Ka ga ke nan wanda ya sha allura ya zauna ya wuce wanda ya yi gumi. Abin da ya fi damuna shi ne matasan da ke auna kansu da hotunan irin waɗannan mutanen na Instagram har su kai ga allurar, ba su san tana tayar da hawan jini, tana illata zuciya, tana kuma rage ƙwayoyin haihuwa ba.

Halittar da mutum ya gada ma tana da nata rabo. Wani bincike na 2005 ya sa mutum 585 horon dantse iri ɗaya na mako 12. Wasu kaurin tsokarsu ya ƙaru da fiye da rabi, wasu ko motsi bai yi ba. Tunda kai kana samun ci gaba, ba ka cikin na ƙarshen.

Abin da ke hannunka kaɗan ne, amma shi ne aikin. Ka samu furotin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinka, wato giram 100 da 'yan kai a rana, daga nama, kifi, ƙwai, madara ko wake. Wuce giram 2.2 a kilo ba ya ƙara wani abin kirki. Ka ɗora kalori 300 zuwa 500 a kan abin da jikinka ke ƙonawa. Fiye da haka kitse yake zama. Kowace tsoka ta samu zagaye 10 ko sama a mako (zagaye ɗaya shi ne jerin ɗagawar da kake yi kafin ka huta), a raba su kwana biyu, kana tsayawa dab da gazawa, kana ƙara nauyi ko yawan ɗagawa sannu a hankali. Barci awa 7 zuwa 9.

Ka riƙa hawa sikeli da safe kafin ka ci komai, ka duba matsakaicin mako, sannan sau ɗaya a wata ka auna dantse, ƙirji, cinya da ƙugu da tef. Idan ƙugu ya fi sauran saurin ƙaruwa, rage ci. Idan mako uku suka wuce sikeli bai motsa ba, ƙarfen ma ya tsaya, ka ƙara abinci kaɗan ka duba barcinka kafin ka sauya tsarin horo.