Ina za a kai yara su saurari tsuntsaye a kusa da Damagaram?

Malama, kin tambayi inda za ki kai 'yan lokol ɗinki su san halittun daji ta hanyar saurare da hira. Ba sai kin yi nisa ba. Ku nufi garakan Mirya da sassafe, bayan sallar asuba, kafin babura su cika hanya. Ku zauna ƙarƙashin gawo, kowa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ki tambaye su abin da suka ji. Kurciya ce za su fara ganewa, sai hazbiya.

Amma ni a ganina ribar tafiyar tana bakin masu lambu da makiyaya. Ki bar yaran su tambayi tsoho me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, ko yaushe shamuwa ke isowa. Manomanmu da zuwanta suke sanin ruwa ya kusa. Irin wannan hira ta fi allo zama a kai.

In akwai kuɗin mota, tabkin Gidimuni na da tsuntsayen ruwa, musamman lokacin sanyi. Termit kam, inda aka keɓe gandun namun daji a 2012, ta yi wa yara nisa.