Haɗa haruffan Larabci da na Latin a tambari ɗaya: me ya sa ba sa jituwa?

Ka tambaya me ya sa duk sa'ad da ka jera haruffan Larabci kusa da na Latin a zanen tambarinka, sai ɗaya ya danne ɗaya. Malam, matsalar daga alƙalami ta faro. Yadda ake fiƙe bakin alƙalamin Larabci yana sa layin kwance ya yi kauri, na tsaye ya yi siriri. A Latin kuwa akasin haka ne, kaurin yana kan layin tsaye. Shi ya sa ko tsayinsu ya zo ɗaya, ido zai ga bambancin nauyi.

Shawarata, kada ka yanko ƙafar "n" ko "l" ka ƙera alif da lam da ita. Ana yi, amma a ganina muni ne, don Larabci rubutu ne mai haɗe-haɗe, harafi yana sauya siffa gwargwadon inda ya faɗo a kalma. Daidaita duhun rubutun biyu da kaurin layi, ka bar kowanne da ƙirarsa. Salon Kufi, mai kusurwoyi, ya fi saurin zama lafiya da Latin marar ado.

In gaurayawa ta gaske kake so, dubi aikin Xu Bing, mai zane ɗan ƙasar Sin. Tun 1994 yake cusa haruffan kalmar Turanci cikin murabba'i ɗaya, ka rantse rubutun Sinanci ne, sai ka nutsu ka ga Turanci kake karantawa. Musulmin Sin ma suna da salon Sini, inda Larabci ke ɗaukar lanƙwasar rubutun Sinawa.