Ina so in fara zamiyar allo a tsaunukan da ba a gyara ba, da me zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Kano, shekarata biyu ke nan ina karatu a Kalgari, ƙasar Kanada. Bara na koyi zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara a filin Nakiska, har ina gangarowa ba tare da na faɗi ba. Yanzu abokaina suna son mu tsallake shinge mu shiga tsaunukan da ba kowa. Wane allo zan saya, kuma da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da ƙoƙari. Maganar allo ka ajiye ta tukuna, ita ce za ta zo a ƙarshe.

A filin wasa irin Nakiska, kafin ka hau, ma'aikata sun riga sun zagaya tun da asuba, sun duba gangaren da ke da haɗari, sun zubar da abin da zai zube ko sun rufe wurin. Bayan shinge ba wanda ya yi maka wannan aiki, kuma abin da ke kashe mutane a can shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Dusar tana taruwa ne hawa-hawa. A tsaunukan Roki da ke yamma da ku sanyi ya yi yawa, dusar kuma ba ta da zurfi, don haka ta ƙasa takan koma tsaba-tsaba kamar sukari, ba ta manne wa juna. Sai iska ta danƙare wani ɓawo mai tauri a samanta. Ka ɗauka an kwantar da katako a kan tsabar gero a wuri mai gangara. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsage ɓawon, ya tafi da shi gaba ɗaya. A kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan haɗari, wanda abin ya rutsa da shi ko wani a ayarinsa ne ya tada zaftarewar.

Ƙwarewa a kan allo ba ta kare kowa. Craig Kelly, wanda ya zama zakaran duniya a zamiyar allo sau huɗu, ya rasu a zaftarewar dusa a watan Janairun 2003 kusa da garin Revelstoke tare da mutum shida, kuma da jagora suka fita. Ina ambatarsa ne don na ga yadda matasa ke auna kansu da iya juya allo kawai.

Abin da ya fi ba ka kariya shi ne zaɓen wuri. Yawancin zaftarewa tana tashi ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai wanda ya fi daɗin zamiya. A shekararka ta farko ka tsaya ƙasa da digiri 30, kuma ka riƙa ɗaga kai: ko kana wuri mai shimfiɗa, in akwai gangare mai tsauri a samanka, kana cikin haɗari.

Saboda haka kuɗinka na farko su tafi ga kwas ɗin AST 1, matakin farko na koyon kauce wa zaftarewa da ceto, wanda ƙungiyar Avalanche Canada ta tsara. Kwana biyu ne, da karatu a aji da fita cikin dusa. Ku je tare da abokan nan naka, don ga dalili: wanda dusa ta binne, in aka tono shi cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, amma in aka kai minti 35 kusan mutum uku cikin goma ne ke fita da rai. Jirgin ceto ba zai iso a wannan lokaci ba. Wanda ke tare da kai shi ne zai tono ka. Dusar da ta zaftare kuwa tana daskarewa kamar siminti, tono mutumin da ke zurfin mita ɗaya yana nufin kwashe fiye da tan guda.

Kowa a ayari sai ya ɗauki abu uku: na'urar aikawa da karɓar sigina don gano wanda dusa ta binne, da ake ɗaurawa a jiki ƙarƙashin riga, doguwar sandar caka dusa mai naɗewa wadda ta kai santimita 240, da shebur na ƙarfe, ban da na roba. Ka nisanta wayarka daga na'urar, tana dagula sigina. Ku riƙa binne jaka da na'ura a cikinta kuna nema da agogo a hannu, har hannu ya saba. Abokin da ya ce ba ya buƙatar wannan atisaye, kada ka bi shi, ko da amininka ne.

Kowace safiya kafin fita ka karanta hasashen haɗarin zaftarewa na Avalanche Canada na yankin da za ku. Mataki biyar ne, kuma an fi mutuwa a mataki na 3, domin a 4 da 5 mutane na zama a gida, a na 3 kuwa sai su ga kamar da sauƙi. Kai ka fita a 1 ko 2.

To, allo. Akwai mai rabuwa biyu: ka raba shi ka hau tsauni kamar mai tafiya da ƙafa biyu, da wani ƙyalle mai gashi manne a ƙasansa don kada ka zame baya, in ka kai sama ka haɗe shi ka gangaro. Ka yi hayarsa sau biyu ko uku kafin ka saya. Ka kuma sani cewa maɗaurin allo ba ya sakin ƙafa, in dusa ta kwashe ka yana jan ka ƙasa. Kafin nan ma ka ƙara hunturu guda a fili kana bin wuraren da injin gyaran dusa bai daddale ba, don dusa mai laushi da zurfi daban take da wadda ka saba.

Hawa yana sa gumi sosai ko a tsananin sanyi, don haka ban da rigar auduga a jikin fata, tana jiƙewa ta daskarar da kai. In azumi ya faɗo cikin hunturu, kamar yadda yake yi a shekarun nan, ka bar doguwar fita sai bayan salla. Wurare da yawa a Kananaskis, yankin da Nakiska yake, ba su da sabis, sai ka gaya wa wani inda za ku da lokacin dawowa, ku kuma riƙe na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam. Rogers Pass, wani yankin tsaunuka kusa da Revelstoke da za ka ji ana ta yabo, sai da izinin hunturu ake shiga yawancinsa, ka bar shi sai ka yi AST 2.